Sunan da Kakata Ta Ƙi Faɗa

Shekarun baya, lokacin ina tura tsofaffi a keke tsakanin Safa da Marwa, na ɗauki wani dattijo Ba'amurke da ya zo Umra. Larabcinsa gurgu, nawa na kasuwa, amma mun fahimci juna. Da muka tsaya shan zamzam sai ya buɗe jaka, na ga fasfo biyu. Ya ce na biyun na ƙasar kakarsa ne a Turai. Wai ya bi diddigi har ya samo rajistar haihuwarta a wani ƙauye, aka ba shi takardar zama ɗan ƙasa. Ya ce yanzu mutanensu da yawa abin da suke yi ke nan.

Na yi dariya kawai. Ni da aka haifa a unguwar Mansur ta Makka, aka haifi ubana a Mansur, ko fasfo ɗaya ba ni da shi. Ga 'yata ta isa shiga makaranta, kullum tana leƙen yaran maƙwabta da jakunkunansu, ba takarda ba shiga.

Maganar dattijon ta tsaya mini a rai. Na tafi Jidda, ofishin jakadancin ƙasar kakanninmu. Suka ce abu mai yiwuwa ne, amma sai na kawo shaidar asali daga gida. Wani abokina da zai koma gida bayan Hajji ya yarda zai je ƙauyen kakana. Da ya isa ya kira ni, ya ce dagaci ya ce masu irin sunan kakana da suka tafi gabas a ƙasa ba su dawo ba sun fi a ƙirga. Sai an faɗi sunan uban kakan kafin a gane gidan.

Kakana ya rasu, ubana ya rasu. Saura mutum ɗaya a duniya da ta san sunan nan, kakata. Na same ta bayan la'asar tana tsinke zogale, na faɗa mata da murnata, ina ganin magana ta ƙare.

Ta ajiye faranti ta dube ni. "Ya waladi, kanka ɗaya kuwa? Surukina zan kama sunansa da bakina?"

"Ya sitti, ai ya rasu tun ba a haife ni ba."

"Don ya rasu sai kunya ta rasu? Halas, magana ta ƙare, tashi ka ba ni wuri."

Ni ɗan Makka, mai ganin kansa wayayye, har na ɗaga mata murya. Na ce saboda al'adar ƙauyen da ta bari tun tana amarya za ta hana yarinya karatu. Kwana uku ba ta ci abincin gidana ba, kuma har yau in na tuna sai na ji nauyin kaina.

Rana ta huɗu ita ta aiko a kira ni. Ta ce, "Zauna. Ni ba zan faɗa ba. Kai ka yi ta kira, ina jinka."

Na fara jero sunayen maza. Kowanne ta ce a'a. Na ƙare na annabawa, na shiga na sahabbai, har ta fara yi mini tsiya wai ashe karatun nawa bai yi nisa ba. Can na kira wani suna. Ba ta ce a'a ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wajen bango. Na ɗauka dariya take yi, sai na ga ashe kuka take.

Da ta natsu ta ce, "Shi ya raka mu har bakin gari ranar da muka taso. Rabona da in ji an kira shi tun ran nan."

Abokina ya koma wa dagaci da sunan, a take aka nuna masa gidan. Sauran zirga-zirgar ta ɗauki lokaci, amma fasfo ya fito, iƙama, takardar izinin zama, ta biyo baya, 'yata ta shiga makaranta.

Ina yawan tuna Ba'amurken nan. Shi rajista ta ajiye masa kakarsa. Ni tsohuwa ce ta riƙe mini nawa a ƙirji shekara da shekaru, ba ta taɓa furtawa ba, ba ta kuma manta ba, ni kuwa na saka mata da tsawa. Shekara ɗaya bayan nan ta rasu. Da na yi jinkiri kaɗan, da sunan ya bi ta.

Ranar da na kawo fasfon na ajiye shi a kan tabarma gabanta, na ce sunan na ciki, shi na sa a matsayin sunan gidanmu. Ba ta iya karatu ba. Ta yi sauri ta ɗauke shi da hannu biyu.

"Kai, ba ka da hankali? Sunan babba za ka ajiye a ƙasa?"