Baba Mai Farar Ƙasa

Tun kafin a buɗe shaguna za ka gan shi yana gangarowa ta lungun nan mai daɓen dutse, bokiti a hannu ɗaya, ɗayan yana shafa bangon gidajen mutane kamar mai gaishe su. Mu baƙin wannan tsohon gari Baba Mai Farar Ƙasa muke ce masa, don ko ranar hutu ba ka rasa fari a girarsa. Magini ne. Ya riga mu zuwa ƙasar nan da daɗewa, a hannun masu garin ya koyi gyaran tsofaffin gidaje. Bana gwiwa ta ce masa ya isa haka.

Gidajen da ya ceto suna da yawa, amma na maƙwabcina direba shi na gani da idona.

Direban da matarsa mai ɗinki sun samu wani tsohon gida kusa da kogi. Tsoron sanyi ya sa ya tara abokai suka shafe bangon da siminti, suka bi da fenti mai sheƙi, suka toshe kowace kafa. Ba a jima ba bango ya fara gumi, 'yar autarsu ta kama tarin da ya ƙi jin magani.

Da Baba ya zo, bai yi magana ba sai da ya ƙwanƙwasa bangon ya kara kunne.

"Wa ya yi muku aikin nan?"

"Ni ne, Baba."

"Sannu da ƙoƙari. Duk wanda ya zo daga wajenmu haka yake yi. Can rana muka sani, nan kuwa ruwa a cikin dutsen yake. Ka toshe masa hanci, ta ina zai yi numfashi?"

Mai ɗinki ta nuna akwatin da ta ajiye a bakin ƙofa. "Baba, ni dai na gaya masa. In sanyi ya dawo yarinyar nan tana wannan tari, na kwashe yarana mun koma gida. Shi ya zauna ya auri bangonsa."

"'Yata, ba ni ɗaki ɗaya tak," in ji shi. "In bai yi ba, ni zan ɗaukar miki akwatin."

Ya kankare simintin ɗakin ƙasa har dutse ya fito, ya buɗe tagogi, ya tafi abinsa. Kullum sai ya leƙo, ya ɗora tafin hannu a bango, ya juya.

"Baba, yau ma kallo?" in ji direban.

"Yau ma. Yanzu shi ke aiki, ba ni ba."

A ranakun jiran nan ya riƙa jan su yawo cikin gari. Ya nuna musu tsohuwar gada, da rijiyar tsakiyar kasuwa, da wata doguwar hasumiya. Ya dafa ƙirjinsa ya ce wa 'yar autar, "Kin ga kusurwar can? Hannun kakanki ne." Mai ɗinki ta gaya mini ranar ce ta fara jin garin ba na wasu ba ne su kaɗai.

Sai da dutsen ya bushe ya shafa farar ƙasa, siriri siriri, kowane shafi yana jiran na bayansa. Sanyi ya dawo, tarin bai dawo ba. Akwatin ya koma ƙarƙashin gado.

Baba, kai ne mai haƙurin da ya fi na dutse. Ba ka taɓa yi wa baƙo dariyar kuskurensa ba. Bango aka kira ka ka gyara, ka bar iyali a haɗe.

Da aka ji matakalar benen da yake haya ta fara gagararsa, mai ɗinki ta hau ta same shi.

"Baba, tattara kayanka."

"Zuwa ina kuma?"

"Ɗakin ƙasa. Kai ka busar da shi, kai za ka zauna a ciki."

Yanzu can yake, a bakin taga, 'yar autar tana tsokanarsa wai furfurarsa ma fenti ce.

Mun gode, Baba, Allah ya ƙara lafiya. Mu kuma da muka daɗe a nan, in sabon zuwa ya ƙwanƙwasa mana ƙofa, mu fara kara kunne kafin mu buɗe baki.