Kwalbar da Surukina Ya Kawo

Ranin nan ya ba ni wuya. Ruwan kanal, magudanar noman rani, sai an yi rigima yake isowa gonata, tsutsa ta shiga tumatir, ga Inna, mahaifiyata, kwance da ciwon zuciya, ƙafafunta sun kumbura.

A asibitin Kura aka ba ta wata 'yar farar ƙwaya, ɗaya kullum. Malamin asibitin ya ja mini kunne, kada a haɗa ta da wani magani sai an tambaye shi. Na ji shi sarai.

Sai surukina ya zo dubiya daga Bunkure. Ya ciro kwalba daga aljihu, ƙwayar ƙarfin ƙashi ce wai kalsiyam, wadda yake sha saboda gwiwoyinsa da tsayuwa cikin ruwan shinkafa ta lalata. Ya ce Inna ta riƙa sha safe, rana da yamma, za ta miƙe. Ni ina tsugune a bakin ƙofa. A wurinmu mutum ba ya ɗaga ido ya kalli surukinsa, balle ya ce masa a'a. Na ce an gode. Da hannuna na miƙa mata ruwan sha.

Ba a daɗe ba ta daina cin tuwo, sai amai. Ta ce ƙirjinta yana gudu yana tsayawa. Ranar da ta ce farar rigata ta koma ruwan ɗorawa a idonta, na sa ta a motar 'yan tumatir muka koma asibiti.

Malamin ya jujjuya kwalbar. Ya ce wannan ƙwayar tana iya ƙara wa maganin zuciya kaifi har ya koma guba a jikin tsohuwa. Sannan ya tambaye ni me ya hana ni zuwa wurinsa tun farko. Na ce surukina ne ya kawo.

Wata tsohuwa da ke zaune a benci ta ce, "To da sai ka kai wa surukin naka gawar, ya yi maka ta'aziyya."

Matan da ke wurin suka yi dariya. Ban iya ɗaga kai ba.

Aka kwantar da Inna, ta fara samun sauƙi. Da yamma matata ta ce babanta ya aiko, ya sayo wata kwalbar, ranar kasuwa zai kawo ya ba Inna da kansa. Ta ce ita ba za ta iya hana shi ba.

Washegari bayan sallar asuba na hau keke na bi bakin kanal zuwa Bunkure. Na sami surukina yana ba albasa ruwa. Na cire takalmi, na tsuguna, na ajiye kwalbar da ya fara kawowa a gabansa, idona a ƙasa. Na ce, "Baba, maganin nan ba zai sake shiga ɗakin Inna ba."