Kambun Damtsena a Tekun Italiya

MAKKA ZUWA JIDDA

Ranar Asabar cikin watan Safar, ƙarfe huɗu na asuba a agogon Nasara, motar Sidi Hamza ta tsaya a bakin lungunmu na Utaibiyya tana ta hon kamar gobara ta tashi. Ni ne Garba, wanda Larabawa ke kira Bakur. Shekarata ashirin da biyu a Makka, sana'ata ɗaukar shibriyya, gadon katakon nan da mu huɗu muke ɗora tsoho a kai mu zaga da shi ɗawafi. Sidi Hamza kuwa attajiri ne a unguwar Shisha. Yana gina masaukin alhazai, ya rantse sai dutsen marmara na Italiya za a shimfiɗa a daɓen. Gwiwoyinsa sun daɗe da mutuwa, amma ba wanda ya sanar da tumbinsa, kullum ƙaruwa yake. Ba don daɗin hirata ya tafi da ni ba. Don wuyana ne.

Duk shekarun nan ba ni da takarda ko ta ƙunshe ƙosai. Saboda tafiyar nan Sidi ya tsaya mini aka ba ni guda: falle ɗaya, da hotona, da hatimi uku, ta fita da dawowa. Ma'aikacin da ya miƙo mini ita ya ce, "Ya Takruni, in ta ɓace ko ta lalace, babu wata. Kano za a kai ka." Kanon da na baro da ƙafa ina saurayi, wadda ban san wa ya rage mini a cikinta ba. Matata A'i da 'ya'yana mata uku kuwa nan suke.

A'i ta rako ni bakin ƙofa ta ce, "Malam, tsaraba na yafe. Takardar dai."

Makka zuwa Jidda kilomita saba'in ne da 'yan kai. Mun sha shayi a Bahra. A shingen hanya askar, wato ɗan sandansu, ya leƙo da fitila, na miƙa masa takardata tun bai tambaya ba. Ranar ce ta farko da na ga askar ban nemi buhun da zan ɓuya a bayansa ba. Jirginmu ya tashi tara da rabi.

ROMA

Mun sauka Bairut awa ɗaya, muka iso Roma da la'asar, muka kwana biyu a wani otal kusa da tashar jirgin ƙasa. Ɗakina yana hawa na biyar, tagarsa na kallon bango. Abinci taliya ce: doguwa, gajera, mai rami, mai kama da kunnen ɓera. Kowace da sunanta, ɗanɗanon kuwa ɗaya. Gahawarsu lira hamsin, a ɗan kofin da bai isa a zuba wa jariri magani ba, kuma a tsaye ake sha kamar ana korar mutum. Nama ban taɓa ba. Duk wanda na nuna na tambaya sai mai abinci ya sumbaci yatsunsa, ni kuwa ba daɗinsa nake tambaya ba, sunan dabbar nake nema.

NAPOLI ZUWA AMALFI

Litinin, bakwai da kwata, muka shiga jirgin ƙasa. Awa uku muka kai Napoli. Dillalin marmarar, Sinyor Bruno, ya tarye mu. Ya taɓa zama a Tarabulus, yana jin Larabci irin na kasuwa, kowa habibi ne a wurinsa har da ɗan dako. Ya zuba mu a mota ya kama wata hanya da aka sassaƙa a jikin dutse, dama teku can ƙasa, hagu bango, yana tuƙi da hannu ɗaya yana nuna mana duniya da ɗayan. Mun isa Amalfi ƙarfe biyu. Daga titi zuwa ƙofar otal matakala ɗari da goma sha huɗu ce. Na ƙirga, don ni ne motar.

Bruno ya ce ciniki sai jibi. Gobe ya ɗauko mana jirgin ruwa mu kaɗai, za mu yini muna kallon gaɓa. Da na ji an ce teku sai hannuna ya tafi aljihu.

Sidi ya ce, "Ya Bakur, kawo takardar in sa ta a jakata tare da fasfona. Jakar nan ta Ingila ce, har da kwaɗo."

Na ce, "Sidi, jaka ana ajiye ta a manta. Ban taɓa manta damtsena a wani wuri ba."

Ubana baduku ne, kuma ban baro Kano ba sai da ya koya mini ɗinki da duka. Bayan la'asar na ninke takardar gida takwas, na naɗe ta a tantani, na narka kakin zuma a cokalin otal na shafe ta, na rufe da jar fata, na bi da basilla ɗinki biyu. Ta zama kambu, na ɗaura a damtsen hagu. Sidi ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ku Takari, ko takardar aure aka ba ku sai kun mai da ita laya. Jahilci, wallahi." Na ce na'am, Sidi.

RANAR JIRGIN RUWA

Talata, ƙarfe takwas daidai, muka bar gaɓa. Jirgin fari ne, tsawon taku goma sha biyu, da rumfa da inji. Matuƙin wani tsoho ne, Tonino, rana ta gasa shi har ya kusa kamo ni a baƙi. Sidi ya zo da jakarsa, don ya ce bai yarda da ma'aikatan otal ba.

Gaskiya ɗaya zan faɗa: wurin yana da kyau. Ruwan shuɗi ne kamar an juye dukkan marinar Kano a ciki, kuma kana ganin duwatsun ƙasansa. Gidaje farare da ruwan ɗorawa sun maƙale a jikin tsauni kamar sheƙar tsattsewa. Lemun tsami ko'ina, kowane ya kai dunƙulen hannuna. Amma kowa da abin da idonsa ke gani. Bruno na ganin aljanna. Sidi na ganin inda za a gina otal. Ni matakala nake gani.

Tara da minti goma muka shiga wani kogo da ruwansa ke ba da koren haske daga ƙasa. Tonino ya cire lofe daga baki ya rera waƙa, kogon ya amsa masa. Bruno ya share hawaye. Na ce a raina mutanen nan ba su da matsala a duniya.

Goma da rabi muka tsaya daura da Positano. Bruno ya ce, "Habibi, garin nan duk matakala ne, daga teku har sama. Mu sauka?" Sidi ya dubi wuyana kamar mai taya raƙumi. Na ce, "Sidi, daga nan ya fi kyau. In ka shiga ciki ba ka ganinsa." Allah Ya taimake ni ya yarda.

A bakin ruwan kuwa Turawa ne kwance jere, maza da mata, tufafin kowa bai kai hular kaina ba. Na tambayi Bruno ko an yi haɗari ne. Ya ce a'a, rana suke sha, daga ƙasashe masu nisa suke zuwa dominta. Na ce a kai su Muzdalifa da tsakar rana sau ɗaya, su sha ta ishe su har jikokinsu.

Da azahar ta yi sai ga wata rigima. Shekara ashirin da biyu ban taɓa tambayar alƙibla ba, kullum tana gabana. Sidi ya ce nan ce, na ce can ce. Tonino ya duba wani ɗan agogo mai allura ya nuna wani wajen da ba nawa ba, ba na Sidi ba. Muka tsaya. Ashe jirgin juyawa yake a hankali a kan igiyarsa. Na kabbara ina fuskantar Makka, na sallame ina fuskantar wata Baturiya a kan katifar roba. Allah Ya karɓa.

Ɗaya da rabi muka iso wani lungun yashi tsakanin duwatsu biyu, inda wani ke gasa kifi a ƙarƙashin rumfar kara. Babu hanyar zuwa sai ta ruwa, kuma babu matsayar jirgi. Tonino ya kashe inji kamar taku ashirin daga gaɓa, ya nuna ƙugunsa, wato ruwan iyakarsa nan. Bruno ya tuɓe ya yi tsalle. Sidi ya dube ni.

Na shiga ruwa, ya hau kafaɗuna, ya ɗora jakarsa a kansa ya riƙe da hannu biyu. Na ɗauki tafiyar shibriyya: gajeren taku, gwiwa a sake, baya a miƙe. Sai dai a Harami daɓe sumul yake kuma mu huɗu ne. Nan ni kaɗai ne, a kan duwatsu masu gansakuka.

A taku na goma wani jirgi mai gudu ya wuce ta bayanmu, ya turo mana igiyar ruwa. Ta farko ta kai mini ƙirji. Ta biyu ta rufe kaina. Hannuwana biyu suna riƙe da ƙafafun Sidi, damtsen hagu yana cikin teku. Da na saki ƙafa ɗaya na ɗaga hannun, da kambu ya tsira. Na tuna A'i a bakin ƙofa. Amma a sana'armu doka ɗaya ce, ita ake fara gaya wa sabon shiga: ko za ka mutu, ba ka ya da alhaji. Hannun ya ƙi saki tun kafin in yi shawara da shi.

Sidi kuwa ba shi da irin wannan doka. Ya saki jaka ya kama kunnuwana yana ihu, "Ya Latif! Ya Latif!" Haka na fito da shi gaɓa, ko gemunsa bai jiƙe ba.

Tonino ya yi nutso sau huɗu kafin ya fito da jakar Ingila. Kwaɗon yana nan a kulle, lafiya lau. Da aka buɗe sai ruwa ya zubo har da yashi. Tawadar fasfon ta narke ta zama shuni, hoton ya ɓalle ya manne a jikin wata takardar, fuskar ta goge.

Aka kawo kifi da taliya. Ban iya ci ba. Kambun ya kumbura, jan rinin fatar yana bin hannuna kamar jini. Bruno ya ce, "Habibi, buɗe mu shanya." Na ce a'a. Muddin ban buɗe ba, ina da takarda.

Mun koma Amalfi shida saura minti ashirin. Kan hanya rana tana faɗuwa a ruwa, Bruno yana ta nuna mana, ba wanda ya ɗaga kai. Matakala ɗari da goma sha huɗu tana nan tana jirana.

ROMA KUMA

Laraba aka yi cinikin marmara. Alhamis daga tashar jirgin ƙasa muka wuce ofishin jakadan ƙasar Sidi kai tsaye. Aka nuna mana benci. Awa biyu muna zaune. Ni na saba, har gyangyaɗi na yi. Sidi bai taɓa zaman benci ba, sai tashi yake yana zama.

Da aka kira mu ya ajiye fasfonsa a tebur kamar jiƙaƙƙen burodi. Akawun ya juya shi da bakin alƙalami. Sidi ya ce, "Ka san ko ni wane ne?"

Akawun ya ce, "Abin da muke son sani ke nan, ya Ammi."

Ya ce sai an sami shaidu biyu da suka zo daga can, masu takarda mai kyau, su tabbatar shi ne shi, sannan a buga waya Jidda. Aka dace da wani ɗan kasuwar Jidda da ya zo maganin ido, ya san Sidi. Saura ɗaya. Akawun ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Kai fa? Kana da wani abu?"

Na ce ya ara mini reza. Na naɗe hannun riga, na kwance kambun, na yi bisimilla. Na yanke ɗinkin farko, na yanke na biyu. Kakin ya fashe. Na warware tantanin.

A bushe take. Kusurwa ɗaya ce kawai ta yi ja. Hatimi uku suna nan, hotona yana nan da munin da aka ɗauke shi.

Akawun ya sunsuna ta ya ce, "Zuma?" Na ce na'am. Ya ce, "Wannan lafiyarta ƙalau, kai ko gobe ka tafi. To, ka san mutumin nan?"

Na ɗan dubi Sidi tukuna, kamar yadda askar ke dubana shekara ashirin da biyu. Sidi ya ce a hankali, "Ya Bakur." Sannan ya gyara, "Ya Hajji Abubakar."

Na ce, "Na san shi, ya Ustaz. Har nauyinsa na sani." Na dangwala yatsa.

Kwana shida muka yi muna jiran amsar Jidda. Kullum taliya.

GIDA

Mun sauka Jidda ranar Alhamis, sha ɗaya da rabi na safe. Askar ya buga wa takardata hatimi na huɗu ya miƙo mini. Ta Sidi, ta wucin gadin da aka ba shi, sai da ya kira na gaba da shi suka duba tare.

Muka shiga mota har muka wuce Bahra. Can sai Sidi ya yi gyaran murya yana kallon taga, ya ce, "In an ba ni sabon fasfo... akwai sauran fatar nan?"

Na ce, "Akwai, Sidi. Sai dai damtsenka zai ci igiya da yawa."

Na shiga lungunmu bayan la'asar. A'i tana bakin ƙofa. Ta miƙo hannu, na ɗauka gaisuwa ce, ashe takarda take nema. Ta duba gaba, ta duba baya, ta sunsuna, ta cusa a lalitarta, sannan ta ce, "Sannu da zuwa, Malam. Ka rame."

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya fitar da ni Ya dawo da ni ɗakina. Na gode wa Tonino da nutsonsa, da Bruno da kifin da ban ci ba. Ubana kuma, Allah Ya jiƙansa, na yafe masa dukan. Jama'ar Utaibiyya da ke tare ni a wurin shan gahawa kuna tambayar yadda Italiya take, ga shi na rubuta, a daina tsayar da ni. Tana da kyau. Wanda zai je ya tabbatar shi ne a sama, ba a ƙasa ba.