Gadar Mai Kuka

Akwai safiyar da ba za ta taɓa fita daga raina ba, safiyar da na ɗauko surukina a ɗan sahuna muka bi ta Gadar Mai Kuka. Shekaru sun ja, furfura ta fara leƙo mini a gemu, amma wallahi har yau idan abin ya faɗo mini, ko ni kaɗai ne a ɗaki sai na ji na sunkuyar da kai.

Ni direban adaidaita sahu ne, haifaffen wajen Kura. Wanda ya san yankinmu ya san hanyoyin da ke bin gefen kanal, wato magudanar ruwan noman rani, duk kamarsu ɗaya, ruwa a hannu guda, shinkafa ko tumatir a ɗayan, ba allo ba suna. Baƙin direbobin da ke zuwa lodin kayan gwari sai su wuni suna zagaye, tumatir yana can yana narkewa a kwando. Taswirar waya kuwa ba a magana, da Turanci za ta ce ka nufi arewa, ta kai ka bakin ruwa ta yi shiru.

Ana haka sai ga wani ɗalibin jami'a ya zo da bincikensa. So yake ya gano ko mutum zai fi gane hanya idan waya ta yi masa kwatance da Hausa irin yadda muke yi, wato "idan ka wuce injin casa ka karya dama." Ya nemi wanda ya san lungu da saƙo, 'yan tasharmu suka nuna ni, don sun ce ko hanya ta ƙare bakina ba ya ƙarewa. Muka yi ta yawo ina faɗa masa sunayen wurare yana sa wa a waya: Kwanar Tsamiya, wadda tsamiyar ma an daɗe da sarewa, Mashayar Makiyaya, da sauransu. Kowane suna sai ya tambayi asalinsa. Wanda na sani in faɗa, wanda ban sani ba in ƙara masa gishiri.

A cikin sunayen akwai wata 'yar gadar siminti da ke tsallake babban kanal tsakaninmu da ƙauyukan Bunkure. Tun muna yara muke jin ana ce mata Gadar Mai Kuka. Labarin da ya iso gare mu shi ne wai wani ƙato ne kwandunan tumatirinsa suka kife a wurin, ya zauna dirshan yana rusa kuka. A majalisarmu, duk wanda ya cika ƙorafin asara sai a ce a kai shi gada ya ƙarasa. Ni ne ma gwanin kwaikwayon kukan.

Shi kuwa surukina, mahaifin maiɗakina, manomi ne a wani ƙauye ta wajen Bunkure. Dattijo ne mara yawan magana. In na je gaishe shi, in tuɓe takalmi daga nesa in durƙusa, ya ce, "Lafiya lau. Ya iyali?" shi ke nan an gama. Ban taɓa ganin haƙorinsa ba. A raina ina ganin kallon sakarai mai surutu yake yi mini, kuma babu abin da nake nema kamar ranar da zai ga cewa bai yi asarar 'yarsa ba. Wani abu kuma da na lura da shi, duk lokacin da zai zo Kura sai ya zagaya ta titin kwalta, ga hanyar kanal nan a kusa. Na ɗauka taurin kai ne irin na tsofaffi.

Ranar da ɗalibin ya ce za a gwada muryar wayar sai ta dace da ranar da zan kai Baba, wato surukin nawa, asibiti a duba masa yanar ido, don lokacin ganinsa ya yi rauni ƙwarai. Na ce madalla, yau dattijo zai ji waya tana faɗin abin da na koya mata. Na wanke ɗan sahu tas, na sa sabuwar hula. Ɗalibin ya zauna a baya kusa da shi, aka maƙala wayar a gabana.

Muna fita daga ƙauyen wayar ta ce, "Bar titi, ka sauka hagu ka bi gefen ruwa." Baba ya ɗan gyara zama ya ce, "Yaro, ba ta kwalta za mu bi ba?"

"Baba, ai wannan ta lissafa ta ga nan ya fi kusa," na ce, kaina yana wani kumbura. "Ba ta kuskure."

Sai ya koma ya jingina. Da ina da hankali a lokacin, da wannan tambayar tasa ta ishe ni.

Muka yi ta tafiya, wayar tana kiran wurare ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina satar kallon fuskarsa ta madubi ko zan ga alamar burgewa. Ranar an sako ruwa, kanal ya cika yana gudu. Can sai muryar nan ta ce, tar da ita, "Ga Gadar Mai Kuka nan gabanka. Hau ta, ka karya dama."

Ɗalibin ya yi 'yar dariya ya ce, "Wannan sunan yana ba ni mamaki. Baba, ko ka san asalinsa?"

Kafin dattijo ya buɗe baki na cafe. Kai, baki! Wai ni a dole sai na sa surukina dariya. Na kwashe labarin tumatir na zuba, har da ƙarin da na saba yi, wai mutumin yana tsintar tumatir ɗaya ɗaya yana kiransu 'ya'yana. Ban tsaya nan ba, na lanƙwasa murya na kwaikwayi kukan, "Wayyo tumatirina! Wayyo na shiga uku!" A gaban suruki fa, wurin da ko tari mutum yake yi da dabara.

"Tsaya nan," in ji Baba.

Na taka birki a tsakiyar gadar. Ya sauko a hankali yana laluben ƙarfen ɗan sahun, ɗalibin ya miƙa hannu zai riƙe shi, ya girgiza kai. Ya tsaya yana fuskantar ruwan da ba ya iya gani sosai, ya daɗe a haka. Sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ni ne mai kukan."

Na ji kamar an watsa mini ruwan kanal ɗin a jiki.

Muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Ya ce lokacin yana matashi ne, ya ɗauro kwanduna a keke zai kai bakin titi, ɗansa na fari yana biye da shi. Yaron ya gangara zai wanke ƙafa, santsi ya kwashe shi. Baba ya yar da keken ya faɗa ruwan, ya yi ta lalube har ƙarfinsa ya ƙare, mutane suka jawo shi. Sai can ƙasa wajen ƙofar ruwa aka samu yaron.

"Waɗanda suka zo daga baya, tumatir suka gani a warwatse da mutum yana kuka," ya ce. "Ka san mu, ɗan fari ko sunansa ba ma kamawa, balle a ga uba yana yi masa kuka a bainar jama'a. Na kasa daurewa ne. Na san ana kiran wurin haka, amma ba a taɓa faɗa a gabana ba sai yau."

Ban san lokacin da na sauko na zube a kan simintin ba. Na so ƙasa ta tsage in shige. Bakin nan nawa da ba ya gajiya, ranar ko "ka yi haƙuri" sai da ƙyar ya fitar. Ɗalibin kuwa ya cire wayar yana cewa, "Baba, yanzu zan goge sunan, wallahi ban sani ba."

"A'a, bar shi," in ji Baba. "Da shi mutane suke gane hanya, kuma ba ƙarya aka yi ba, na yi kuka." Sai ya juyo wajen da yake jin numfashina. "Kai kuma tashi, rashin sani ne. Abu ɗaya nake so. Duk wanda ka gaya wa tumatir ne, ka koma ka gaya masa yaro ne."

Da marina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a, muka shafa, muka ƙarasa asibiti. Da na koma gida na gaya wa maiɗakina, ta fashe da kuka. Ta san tana da yaya da ruwa ya ci tun ba a haife ta ba, amma ba wanda ya taɓa gaya mata a ina ne, ga shi ita ma ta sha yin dariyar kwaikwayon nan nawa.

Na cika umarninsa. Na bi tasha, na bi majalisa, na bi wurin mai shayi, duk inda na taɓa ba mutane dariya na koma na tsaya a gabansu na warware. Ban taɓa aiki mai nauyin wannan ba. Ɗalibin kuma ya ce mini ya ƙara wani abu a bincikensa, wato kafin waya ta zaɓa wa mutum hanya, ta tambaye shi ko akwai inda ba ya son bi.

Baba ya rasu yanzu, Allah Ya jiƙansa. Har ya bar duniya bai sake tayar da maganar ba, ni kuma ban sake iya haɗa ido da shi ba. Abin da na koya shi ne, in ka ga babba yana zagaye ga hanya a kusa, ba ɓata ya yi ba, akwai abin da yake kauce wa. An ce matambayi ba ya ɓata, ni kuwa na san kowace kwana a yankin nan amma na ɓata don ban tambaya ba. Har gobe idan fasinja ya hau ɗan sahuna, kafin in tayar sai na ce, "Ta ina kake so mu bi?"