Baba Lungu, Wanda Ya Koya wa Taswira Hanya

Kafin masu shaguna su buɗe ƙofa, Baba Lungu ya riga ya fito da kekensa tsakar gida. Yakan matsa tayar gaba da babban yatsa, ya matsa ta baya, ya ja birki sau biyu, sannan ya ɗiga wa sarƙa mai daga wata tsohuwar kwalbar maganin tari. Wayarsa na da mazauninta a kan keken, wani ɗan ƙarfe da mai walda ya lanƙwasa masa, shi kuma ya ɗaure da robar tsohon tiyub. Matarsa takan miƙo masa gorar ruwa tana cewa, "Malam, kai da ka yi ritaya ka fi masu aiki sammako." Shi kuma ya ce, "Zagaye ɗaya ne, yanzu zan dawo." Ba ta taɓa ganin ƙeyarsa kafin azahar ba.

Shekara shida ya yi a haka, sai makon jiya likita ya duba gwiwoyinsa ya ce keke ya isa. Shi ya sa na ga ya dace a faɗi abin da ya yi tun yana ji da kunnensa.

Shekara talatin da biyu ya yi yana rabon wasiƙu a gidan waya, duk a kan keke. A can abokan aiki suka laƙaba masa sunan, domin in ka tambaye shi hanya ba ya cewa ka bi titi. Sai dai, "Shiga lungun mai niƙa, ka ɓulla bayan makaranta, ka karya dama wajen rijiya." Da ya ajiye aiki, ya ɗauka wannan sanin ya gama amfani, tunda yanzu kowa wayarsa yake tambaya.

Autarsa nas ce. Cunkoson motoci ya sa ta sayi keke don zuwa aiki. Da aka mayar da ita wani ƙaramin asibiti a ƙarshen gari, ranar farko ta buɗe manhajar taswira ta bi inda muryar ta ce. Muryar ta kai ta babban shataletale, inda tifofin yashi ke shan kwana ba tare da rage gudu ba. Ɗaya ta goge ta. Ƙafarta ta dama ta karye wuri biyu.

Baba Lungu ya zauna bakin gadonta har aka gama ɗaure ƙafar. Can ya ce, "Auta, ta ina kika bi?" Ta nuna masa a waya. Ya daɗe yana kallon shuɗin layin.

"Ai da kin karya ta bayan injin katako, ko mota ɗaya ba za ki gani ba."

"Baba, wayar ba ta san wannan hanyar ba."

"Ni na san ta," in ji shi, muryarsa can ƙasa. "Ban kuwa gaya miki ba."

"Ni ma ai ban tambaye ka ba."

Maganarta ba ta sauke masa nauyin ba. Kwana da kwanaki abinci ba ya shigarsa. A wata ukun da ta yi tana jinya a gida ne ta gano manhajar na da wurin da kowa zai iya ƙara hanyar da babu, ko ya gyara wadda aka sa ba daidai ba. Ta kira shi ya zauna gefen katifa, ta fara koya masa. Yatsun da suka saba da birki ba su saba da gilashi ba. "Baba, ka sake jefa makarantar cikin rafi," takan ce, su yi ta dariya har uwar ta leƙo ta ga ko lafiya. Sai da ya yi mako uku kafin ya shigar da hanyarsa ta farko shi kaɗai.

Daga nan ya kafa wa kansa doka. Ba ya shigar da hanya sai ya bi ta sau uku: da safe, da lokacin tashin makarantu, da kuma bayan ruwan sama. Yakan rubuta inda kwalta take da inda yashi ke kama taya, inda hawa zai wahalar da mai kaya, inda ake sauke siminti da hantsi, har gidan da karensa ke bin masu keke. Ma'auninsa ɗaya ne. Yakan tsaya a ƙarshen hanya, ƙafa ɗaya a ƙasa, ya tambayi kansa ko zai yarda auta ta bi nan. In zuciyarsa ta yi jinkiri, ya bar ta ko da ta fi kusa.

Wata malamar firamare ta ce min shekara biyu kekenta na jingine saboda tsoron babban titi. Ran nan ta ga wayarta ta nuna mata wata hanya ta bayan gidaje, mai inuwa, ta gwada. "Minti bakwai ta ƙara min," in ji ta, "amma ina isa aji ba fargaba." Ba ta san mutum ne ya taka hanyar ba. Ta zaci haka wayoyi ke ƙara wayo.

Abin da ya faru a daminar bara kuwa, mai injin katako ne shaida. An kwana ana ruwa. Da Baba Lungu ya iso lungun bayan injin da safe, ya tarar kwalbatin da ke gangaren ya rufta, daidai bayan kwana, inda mai keke ba zai gani ba sai ya zo kai. Hanyar nan shi ya sa ta a taswira. Nan take ya aika gyara, amma ya san sai an duba kafin ya fito, kuma ga lokacin tafiya aiki ya yi. Sai ya gindaya kekensa a bakin lungun, ya tsaya yana mayar da mutane.

Wani magidanci ya iso da 'yarsa a baya, cikin kayan makaranta, yana sauri. "Tsoho, kauce mana. Waya ta ce hanyar a buɗe take."

"Ni na gaya wa wayar, ɗana," in ji Baba Lungu. "Yau kuma ina gaya maka ta rufe. Sauka ka leƙa."

Mutumin ya sauka yana ƙunƙuni, ya taka ya leƙa ramin. Sai ya dawo. Ya dafa kan yarinyar, ya daɗe a haka, sannan ya ce, "Baba, ta ina zan bi?" Mai injin ya ce ya ƙirga keke arba'in da wani abu da aka mayar kafin shi da ma'aikatansa su gama kafa katakan tare hanya. Tsohon bai zauna ba sai da ya ga shuɗin layin ya kauce daga lungun, rana ta riga ta karkata. Tun daga ranar gwiwarsa ta hagu ba ta sake zama daidai ba.

Baba, kai ne ka ɗauki laifin da ba naka ba ka mayar da shi aiki. Kai ne ka bi hanya sau uku don wani ya bi ta sau ɗaya hankali kwance. Sarkin lungu, jagoran da ba a gani. Mutane da yawa sun koma gida lafiya ba su san akwai wanda za su gode wa ba, kai ma ba ka taɓa neman su sani ba.

Auta ta koma hawa keke, duk da tana ɗan ɗingishi. Ranar da ta fara fita, ya bi ta a baya har ƙofar asibiti, bai kusa ba, bai yi nisa ba. Ta ce duk lokacin da ta waiwaya sai ya yi kamar wayarsa yake dubawa.

Da na je gaishe shi, na tarar da shi a kujera, gwiwa naɗe da bandeji. Na ce zan rubuta wani abu a kansa, ko akwai abin da yake so a faɗa wa jama'a? Sai ya ce, "Ka ce musu an zuba tsakuwa a lungun bayan tashar ruwa, a bi a hankali. Sabuwar unguwar da ke ƙetaren gada kuma ban kai gare ta ba."

To, na faɗa, Baba. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya ba gwiwa sauƙi. Ku kuma masu keke, babu wanda a cikinku bai san wani lungu da wayarsa ba ta sani ba. Ku bi shi, ku tabbatar, ku shigar da shi. Unguwar ƙetaren gada na nan tana jira, akwai makaranta biyu a cikinta.