Malamar da ta Ƙirƙiri Tsibiri

Haihuwa

An haife ta a shekarar 1968, a wani gari da jirgin ƙasa ke ratsawa ba ya tsayawa. Mahaifinta mai gyaran agogo ne, mahaifiyarta tela. Tun tana ƙarama ake kiranta 'Yar Taga, saboda kullum idonta na kan taga, hankalinta na wata duniyar.

Karatu da aure

Ta kammala kwalejin horar da malamai a 1989, ta auri wani direban motar asibiti a 1991, Allah ya albarkace su da 'ya'ya uku.

Aiki

A 2014, bayan ta daɗe tana koyarwa a firamare, aka ɗora mata alhakin tsara jarrabawar auna fahimtar yara kan abin da suke karantawa a intanet. Ta jera shafuka huɗu na gaskiya, ta cusa na biyar wanda ita ta ƙirƙira: labarin wani tsibiri da ke yawo a teku yana bin hasken farin wata. Da gangan ta bar shafin ba sunan marubuci, duk yaron da ya lura da haka ya gane ƙarya ce, ya ci jarrabawar.

Sai dai 'Yar Taga ta ƙawata tsibirin fiye da kima. Yara suka yi ta zaɓensa a matsayin gaskiya, har hukuma ta ƙudiri aniyar soke jarrabawar, abin da ya hana malamar sukuni. Ta ja kujera kusa da wata ɗaliba 'yar aji biyar da ta zaɓi tsibirin, ta tambaye ta dalili.

"Malama, ai na san ƙarya ce, ba wanda ya sa sunansa," in ji yarinyar. "Ni dai so nake a ce akwai shi."

Tun daga ranar ta raba tambayar jarrabawar gida biyu: wanne ne gaskiya, wanne kuma kake fatan ya zama gaskiya. Sakamako ya gyaru, jarrabawar ta tsira.

Rasuwa

Allah ya karɓi rayuwarta a 2023 bayan gajeriyar jinya, aka yi mata sutura, aka binne ta kusa da mahaifinta. Ta bar babban ɗanta, ma'aikacin jinya; mai bi masa, tela kamar kakarta; sai auta, malamar da ke kula da shafin yanzu.

Yayyen suka roƙi auta ta rubuta sunan mahaifiyarsu a ƙarƙashin labarin, don a riƙa tunawa da ita.

"Yaya, in na sa sunan Mama, yara za su ɗauka gaskiya ne," ta ce tana share hawaye.

Har yau tsibirin na nan yana yawo, ba sunan kowa a ƙarƙashinsa.