Turancin Aƙilu Kuku

An ce in ba da labarin Aƙilu kuku, kuma ba zan yi masa kwalliya ba don ya mutu.

Mutumin wani ƙauye ne a bayan Ɗambatta. Ya fara da wanke-wanke a gidajen Turawa, ya yi shekara ashirin yana tsintar Turanci a bakin teburin cin abinci har ya zama kuku. Gajere ne, mai tsabta, ko ɗigon mai ba ka gani a farar rigarsa. Girki kam ya iya, ba zan hana shi wannan ba. Amma ban taɓa ganin mai rowar sani irinsa ba.

Ni Inuwa, na zo daga Jahun shekarar da aka yi ƙarin albashin Udoji, lokacin da Turawan kamfanonin hanya suka cika Nassarawa GRA. Na samu aikin ban ruwan fulawa a gidan wani injiniya, aka ba ni ɗaki a boskwata, na ɗauko matata Kande. A nan na tarar da Aƙilu. Shi kaɗai ke jin Turanci sosai cikinmu, don haka duk maganar da za ta shiga gidan ko ta fito, ta bakinsa take bi.

Da la'asar yakan zauna a benci bayan kicin, masu gadi da masu wanki na layin su kewaye shi, yana ba mu kalma ɗaya-ɗaya kamar mai raba magani. "Kom, zo. Go, tafi. Wota, ruwa." In ka nemi ƙari sai ya ce, "Kai da ka zo da kashin shanu a ƙafa, ina za ka kai Turanci?" Ranar da na tambaye shi yadda ake cewa sannu, ko kallona bai yi ba.

"Sori," in ji shi. "Ko faɗuwa mutum ya yi, ko rasuwa aka yi masa, ka ce sori."

Na riƙe ta gam. Mamman direba ya buge kai da ƙofar mota, sori. Maigida ya yi tari, sori. Matarsa, wadda muke kira Madam, har dariya take yi, ni kuwa ina ganin na waye.

Madam tana da wani kare mai gashi buzu-buzu da take ji da shi kamar ɗa. Wata safiya aka same shi a miƙe a gindin fulawa, kumfa a baki. Kwana biyu kafin nan na ga Aƙilu yana barbaɗa maganin ɓera a kan guntun nama yana turawa bayan sito. Ni kuma ina da gwangwanin maganin feshin ƙwari, kowa ya san da shi.

Madam ta durƙusa tana kuka. Kare ne, amma tausayinta ya kama ni. Ta ɗago ta nuna gwangwanin, ta yi mini wata doguwar magana mai kama da tambaya. Na cire hula na ce, "Sori, Madam. Sori, sori."

Nan take fuskarta ta canja. Ta miƙe tana nuna ni da yatsa, tana kiran mijinta. Na juya wajen Aƙilu.

"Malam Aƙilu, don Allah gaya mata jaje nake yi mata. Ban taɓa karen nan ba."

Ya goge hannu da tawul, ya yi mata 'yar gajeruwar magana da Turanci, ya juyo.

"Na gaya mata. Ta ce ka kwashe kayanka kafin azahar."

Maigida ya ba ni takarda, na ɗauka ta shaidar aiki ce. Kande na da ciki wata bakwai, muka ɗora kaya a ka, muka raɓe a zauren wani ɗan garinmu a Gawuna. Gida tara na kai takardar nan, kowa ya karanta sai ya miƙo mini ya rufe ƙofa. A ƙarshe na kai wa wani malamin firamare, Muhammad Sani. Ya ce an rubuta ni mai sakaci da guba ne, kuma na amsa laifi da bakina.

"Malam, yaushe na amsa?"

Da na ba shi labari, ya girgiza kai. "Inuwa, sori baki biyu gare ta. Mu nan mun mai da ita sannu. Su ma suna jaje da ita, amma in ana tuhumarka ka faɗe ta haka tsurarta, to ka ce ni na yi, a yi haƙuri."

Aƙilu ya san haka sarai. Ita yake faɗa duk ranar da ya ƙona burodi ko ya fasa faranti. Daga baya Mamman direba, mai ɗan tsintar Turanci a mota, ya gaya mini abin da Aƙilu ya faɗa wa Madam a gabana: "Ya ce ba zai sake ba."

Ban ƙara samun aiki a GRA ba, garuwa na koma, har kafaɗuna suka yi kanta. Aƙilu kuwa ya ci gaba da girkinsa har kuɗin man fetur ya ja baya, Turawan suka watse. Ya kafa teburin shayi a Giginyu, ya je Makka, ya dawo Alhaji, yana gyara wa 'yan makaranta Turanci. Mun sha haɗuwa a hanya, ya gaishe ni da fara'a, ya tambayi Kande. Ko sau ɗaya bai taɓo zancen ba, kuma wannan fara'ar ta fi komai ci mini rai.

Na je jana'izarsa, har makara na kama. A bakin kabari liman ya roƙi duk wanda mamacin ya yi wa laifi ya yafe masa, jama'a suka amsa gaba ɗaya, "Mun yafe." Na motsa leɓe don kada a kalle ni, amma ban faɗa ba.